Sana'ar Saita Netwok a Mubi

Mubi gari ne na fatauci da karatu. Tana da nisan kimanin kilomita 200 daga Yola, ta hanyar Song da Gombi da Hong, iyakar Kamaru kuma na nan kusa, wajen duwatsun Mandara. Shanun da ake lodawa a kasuwarta sukan kai har kudancin Najeriya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga bankuna da asibitoci da masaukan baƙi da rumfunan masu POS. A yau babu ɗaya daga cikinsu da zai wuni lafiya idan intanet ta ɗauke. Dillali ba ya sakin igiyar saniya sai ya ga kuɗi sun faɗo a waya, ɗalibi ba ya shiga aji sai ya yi rajista ta kwamfuta, akawu ba ya tashi daga aiki sai ya tura lissafi hedikwata.

Tsakanin kamfanin da ke sayar da data da mutumin da ke amfani da ita, akwai wani mai sana'a da ba a tunawa da shi sai abu ya tsaya. Wasu na ce masa mai netwok, amma galibi "Injiniya" ake kiransa, ko yana da digiri ko ba shi da shi. Shi ne mai jan kebul ta cikin silin, mai hawa ƙarfe ya ɗaura eriya, mai zama gaban rauta ya gaya mata abin da za ta yi. Mai kallo daga nesa zai ɗauka hawan nan da jan wayar su ne sana'ar. Masu yin ta kuwa sun san ainihinta na cikin saiti, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura. Gwanintar mutum na bayyana ne a yadda ya rubuta umarnin, ya adana shi, ya kuma bar shi yadda wani zai iya karantawa.

Mafarin sana'ar

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, da MTN da Econet, wadda bayan sauye-sauyen suna ta zama Airtel. Glo ta shigo a 2003, Etisalat a 2008. A shekarun nan, mai son intanet a garuruwan Arewa kafe yake zuwa, inda aka kafa faranti mai kallon tauraron ɗan'adam, aka raba layi guda ga jerin kwamfutoci. Samarin da ke tsaron kafe su ne sahun farko na masu wannan aiki. A nan suka koyi matse kan kebul, da raba adireshi, da gano dalilin da ya sa kwamfuta ɗaya ta ƙi ganin sauran.

Sahu na biyu daga teburin gyaran waya suka fito. Da wayoyi suka fara hawa intanet, sabuwar waya ba ta buɗe komai sai an sa mata saiti. A kawo ta a ce, "Malam, don Allah a sa mini saitin shiga intanet." Abin da ake sawa bai taka kara ya karya ba: sunan ƙofar da waya za ta bi, wanda ake kira APN, sai lambar ƙasa da ta kamfani. Lambar Najeriya 621 ce, MTN na da 30, Airtel 20, Glo 50, Kamaru kuma 624. Harafi ɗaya ya kauce, waya ta ƙi. Daga baya kamfanoni suka riƙa turo saitin ta saƙo, sannan wayoyi suka fara zuwa da shi a cikinsu, ɗan cinikin nan ya mutu. Abin da ya kashe shi shi ne masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa sun yarda da tsari ɗaya na rubuta saitin, har na'ura ta iya karɓarsa ba tare da hannun mutum ba.

Mubi kuwa ta ga abin da ya fi mutuwar ɗan cinikin nan tsanani. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni. A ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram ta kame garin, jama'a suka watse, makarantu da bankuna suka rufe, sai a watan Nuwamba sojoji da mafarauta suka ƙwato shi. Duk wanda ya taɓa sake kafa ofis bayan irin wannan asara ya san na'urar da aka sace ko aka ƙona ana sayen wata, amma saitin da ke cikinta, idan ba a kwafe shi an fita da shi ba, sai an sake gina shi daga tushe.

Tun daga nan aikin sai ƙaruwa yake. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, abin da ya sa kowace cibiyar jarrabawa ke bukatar wanda zai haɗa ɗaruruwan kwamfutoci su yi aiki tare. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har mai sayar da tumatir karɓar kuɗi ta waya. A watan Janairun shekarar ne kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, farantinta ya soma bayyana a kan rufin gidaje da ofisoshi.

Kayan aiki da aikin hannu

Jakar mai netwok ba ta da nauyi sosai. Akwai filayar matse kai, da ƙananan kawunan roba da ake kira RJ45, da testa mai fitilu takwas, da sukundireba, da injin huda bango, da laftof, da filashi. Tsani da igiyar ɗaure ƙugu na biye, ga mai hawa sama. Manyan kayan, irin su rauta da suwic da rediyon nesa, daga Kano ko Legas ake kawo su, kuma farashinsu dala yake bi. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, an yi lokacin da kowane ƙiyasi da aka ba mai aiki yakan tsufa kafin ya gama shawara.

Darasin farko na yaron shago shi ne kebul. A cikinsa akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu, kuma jerinsu a cikin kai ba a yin sa da ka. Wanda aka fi bi shi ne: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, sai ƙasa-ƙasa. Jerin nan ɗaya ne a Mubi da Marwa ta Kamaru da Landan, shi ya sa kebul ɗin da aka matse a unguwar Lokuwa ta Mubi zai shiga kowace na'ura a duniya. Tsawonsa bai kamata ya wuce mita 100 ba. Sannan akwai na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, mai araha da saurin karyewa. Mai gaskiya yakan gaya wa mai aiki wanne ya sa masa.

Idan nisa ya fi ƙarfin kebul, sai a koma zaren gilashi ko rediyo. Rediyo biyu sai sun ga juna ido da ido, don haka tudu abokin aiki ne idan kana kansa, abokin gaba idan ya shiga tsakani. Layin da aka daidaita da rani yana iya raunana da damina, lokacin da itatuwa suka yi ganye. Damina kuma takan zo da tsawa, wadda ke bin ƙarfe da kebul ta ƙone duk abin da ba a yi wa hanyar zubar da wuta cikin ƙasa ba. Zafin Maris da Afrilu na dafa na'urar da aka kulle a akwati marar iska, ƙurar hunturu na toshe fanka. Ga kuma wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, wadda ta sa mai netwok ya zama rabin mai sola, dole ya san lissafin batir da inbata.

Inda sana'ar take

Bayan an gama ɗaure-ɗaure, fitilu sun kama, sai a buɗe laftof. Nan ne ake bambanta maigida da yaro. Kowace na'ura a gida ko ofis sai ta sami adireshi, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Waɗanda ake gani kullum masu farawa da 192.168, ko da 10, an keɓe su ne don amfanin cikin gida, bisa wata ƙa'ida da aka fitar a 1996. Mai saiti zai yanke wane adireshi ne na rauta, waɗanne ne za a riƙa rabawa ga wayoyi da kansu, waɗanne ne za a tsayar wa firinta da kyamarorin tsaro don kada su sauya. Zai sa sunan Wi-Fi da kalmar sirri. Zai zaɓi tasha, domin a zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma a unguwar ɗalibai kowane gida na da nasa rediyon. Zai raba layin akawu da na baƙi, don kada wanda ya zo kwana ɗaya a masauki ya leƙa kwamfutar kuɗi. Zai ƙayyade wa kowa rabonsa, don kada mai sauke fim ya hana mai tura kuɗi. Idan masaukin ɗalibai ne, zai tsara tikiti na awa ko na wuni ko na mako.

Yawancin kiran da ake yi wa injiniya daga nan yake tasowa. "Injiniya, abin nan ya ɗauke tun safe, kuma wallahi ba wanda ya taɓa shi." Da ya duba sai ya tarar wani ya sayo ƙaramar rauta ya jona a ofishinsa, ita ma tana raba adireshi, na'urori biyu na ba da umarni mai karo da juna. Ko kuwa wani ya ga intanet ta yi nauyi, ya sa tsinke ya danna ɗan ramin da ke bayan rauta, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Aikin kwana biyu ya goge cikin daƙiƙa goma. A na'urorin Cisco akwai wani tarkon: saitin da ke aiki daban, wanda na'ura ke tashi da shi daban. Idan mutum ya yi gyara bai kwafe na farko zuwa na biyu ba, komai zai tafi daidai har ranar da aka ɗauke wuta. A garin da ake ɗauke wuta kullum, ranar ba ta nisa.

Maganin duk wannan shi ne fayil. Wanda ya adana saitinsa zai mayar da shi kafin shayi ya huce. Wanda bai adana ba zai zauna yana tuno lambobi, mai shago na tsaye a kansa, masu ciniki na juyawa.

Kowace na'ura da yarenta

Sai dai fayil ɗin ma yana da tasa matsalar, domin kowane kamfani da yadda yake rubuta nasa. MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, wanda masu sayar da tikiti suka fi so, yana ba da fayil iri biyu. Ɗaya a dunƙule yake, mutum ba ya karanta shi, an yi shi ne don a mayar wa na'urar da aka ciro shi. Ɗayan rubutu ne layi-layi da ake iya buɗewa a gyara. Rediyon Ubiquiti na da nasa jerin, kowane layi suna da ƙima. Cisco na da nasa umarnin, Huawei na da nasa mai kama da shi amma ba shi ba. Ƙananan rautocin gida da yawa kuwa fayil suke bayarwa a kulle, wanda ko wata ƙirar ta kamfani ɗaya ba lallai ta karɓa ba.

Abin da ake son faɗa ɗaya ne: ga adireshina, ga ƙofar fita, ga wanda aka yarda ya shiga. Amma idan rauta ta ƙone aka sayo ta wani kamfanin, sai injiniya ya zauna ya juya saitin layi bayan layi, kuma a wajen juyawar ne kuskure ke shiga. Mutumin Mubi ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A kasuwa ɗaya ake haɗuwa da Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Fulani, kowa da harshen gidansu, amma ciniki na tafiya saboda akwai Hausa da Fulatanci da kowa ke ji. Abin da na'urori suka daɗe suna nema ke nan, harshen kasuwa guda.

Yadda duniya ta nemi tsari ɗaya

Ƙa'idojin intanet ƙungiyar injiniyoyi ta IETF ce ke tsara yawancinsu, tun 1986, kuma tana fitar da su a takardu masu lamba da ake kira RFC. A 1988 ta fito da SNMP, hanyar tambayar na'ura halin da take ciki. Ta yi amfani wajen sa ido, amma masu gudanar da netwok ba su rungume ta wajen saiti ba, suka ci gaba da buga umarni da hannu. A watan Yunin 2002 aka zaunar da masu tsara ƙa'ida da masu aikin yau da kullum wuri guda, aka tattara abin da aka tattauna a RFC 3535, wadda ta fito a 2003.

Bukatun da masu aikin suka gabatar, duk mai saiti a Mubi zai gane su. Suna son a raba abin da mutum ya umarta da abin da na'ura ke ba da rahoto, wato kada adireshin da aka sa ya cakuɗe da yawan datar da aka sha. Suna son a iya ciro saiti gaba ɗaya a kuma mayar da shi gaba ɗaya. Suna son ya zama rubutu, yadda za a ɗora na jiya kan na yau a ga abin da ya sauya. Suna son a saita netwok a dunƙule maimakon bin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Sama da komai, suna son abin ya yi sauƙin amfani.

Daga nan aka samu NETCONF a 2006, hanyar aika saiti da karɓo shi. A 2010 aka samu YANG, wanda Martin Björklund na ƙasar Suwidin ya jagoranci rubuta takardarsa, RFC 6020. YANG ba saitin ba ne, ƙa'idar rubuta shi ce. Yana faɗin sunan kowane gurbi, da irin abin da ake zubawa a ciki, lamba ce ko rubutu, da iyakarsa, da ko wajibi ne ko zaɓi. Misali, lambar da ake raba layuka da ita a cikin suwic daga 1 zuwa 4094 take. Idan an rubuta wannan iyaka a ƙa'ida, wanda ya buga 5000 za a ƙi karɓa tun kafin ya yi ɓarna. A 2017 RESTCONF, wata hanyar aika saitin, ta biyo baya. Manyan masu sayen kaya irin su Google da AT&T da Microsoft kuma suka haɗu a shirin OpenConfig, don su gaya wa masu ƙera na'ura tsarin da suke so. A ɓangaren ƙananan rautoci, manhajar OpenWrt na ajiye saitinta a rubutu mai tsari ɗaya ko wane kamfani ne ya ƙera akwatin, Federico Capoano na shirin OpenWISP kuma ya gabatar da NetJSON don irin wannan bukata.

Ko zubin rubutun kansa sai da aka yi ta ja-in-ja a kai. XML, wanda ya fito a 1998, yana da tsauri da tabbas, amma yana cika ido da alamomi. JSON ya fi shi sauƙi, sai dai ba shi da wurin da mutum zai bar bayanin dalilin da ya sa ya yi abu. YAML ya fi daɗin karatu, amma tazarar farkon layi na da ma'ana a cikinsa, gurbi ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, saƙo ya sauya. Har haruffa na da nasu hukuncin. Sunan Wi-Fi ba ya wuce ma'aunin bayit 32, kuma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, wasu tsofaffin na'urori ma sukan nuna su a hargitse. Shi ya sa masu saiti kan guje musu a sunan netwok.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda kuskuren saiti ba ya tsayawa inda aka yi shi. A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wani kuskure da kamfanin MainOne na Legas ya yi yayin gyaran na'urorinsa ya karkatar da hanyar wasu ayyukan Google ta bi ta Sin da Rasha na tsawon minti 74. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani umarni da aka bayar a cikin netwok ɗin Facebook ya ɗauke shi tare da WhatsApp da Instagram na kusan awa shida, a duk duniya. Saboda irin haka aka ƙirƙiro dabarar gwaji kafin tabbatarwa. A NETCONF ana iya sa sabon saiti bisa sharaɗi, idan ba a tabbatar da shi cikin minti goma ba na'ura ta koma na da. MikroTik ma na da makamancin haka, wanda ke warware gyaran idan layi ya yanke. Ga wanda ke saita rediyon da ke kan ƙarfe a wani ƙauye daga shagonsa, dabarar nan ita ce ke raba shi da hawa babur cikin dare.

Tsarin da mutum zai yi wa kansa

Gaskiyar magana, yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su san YANG ba. Don haka mai saiti a Mubi ba zai jira kamfanoni su daidaita ba, shi zai kafa wa shagonsa tsari. Gwanayen sana'ar kan ware wa kowane wurin aiki takarda ɗaya mai gurabe iri ɗaya, kamar haka:

wuri: ɗakin kwamfuta, bene na biyu
na'ura: rauta ta ɗaya
adireshi: 192.168.10.1
rabon adireshi: daga 50 zuwa 200
tsayayyu: firinta 10, kyamara 20 zuwa 29
dalilin gyara na ƙarshe: an ƙara layin baƙi

Ƙa'idojin ba su da yawa. Gurabe su zama iri ɗaya a kowane aiki, da jeri ɗaya. Kowace na'ura ta sami suna mai nuna inda take, kuma sunan da ke takarda ya zama shi ne a manne a jikinta da jikin kebul ɗinta. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata, a fara da shekara, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Kada a goge tsohon fayil idan an yi sabo. Kalmomin sirri su zauna a wani wuri daban, domin fayil ɗin saiti yakan zagaya hannuwa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Sannan a gwada mayar da fayil ɗin ko sau ɗaya ne, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai.

Koyo da samu da amana

Hanyar shiga sana'ar biyu ce, kuma sukan haɗu. Akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na lantarki daga kwaleji da jami'a, waɗanda kan fara taɓa kayan aiki sosai a zangon koyon aiki. Akwai kuma yaran shago da ke farawa da riƙe tsani. Na farko sun san dalili, na biyu sun san hannu, kuma kowanne na bukatar abin da ɗayan ke da shi. Mai son takardar shaida yakan nemi CCNA ta Cisco ko MTCNA ta MikroTik. Aikin saiti zama yake so da natsuwa, ba ƙarfin damtse ba, don haka ƙofarsa a buɗe take ga mata kamar yadda take ga maza.

Samu na zuwa ta hanya uku: kuɗin kafa sabon aiki, kuɗin kulawa na wata-wata, da ribar tikiti. Na biyun ya fi albarka, domin shi ne ba ya yankewa, amma sai da yarda ake samunsa. Mai son sayar wa jama'a intanet a matsayin kasuwanci kuma ya sani harka ce da ke ƙarƙashin lasisin hukumar NCC.

Babban jarin dai amana ce. Wanda ya saita maka netwok ya san kalmar sirrinka, yana iya ganin kyamarar gidanka daga wayarsa, ya san lokacin da shagonka ke buɗewa da rufewa. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 duk sun shafi wannan, amma kafin doka akwai tsoron Allah. Akwai wata mummunar ɗabi'a da ke ɓata wa sana'ar suna, ta wanda zai gama aiki ya riƙe kalmar sirri, ya ƙi ba da fayil, don kada a kira wani. Yana ganin dabara ce ta tsare abinci. Amma ranar da ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, ko ya koma wani gari, makaranta ko asibiti za su tsaya cik, wanda aka kira kuma ba shi da zaɓi sai ya goge komai ya sake. Mai aikin da aka yi wa haka sau ɗaya ba ya komawa, kuma ba ya yin shiru. Wanda ya miƙa komai a rubuce shi ake sake kira, saboda an ga ba ya tsoron a duba aikinsa.

Don haka ga masu makarantu da asibitoci da masaukai da shaguna: kafin ku biya cikon kuɗin aiki, ku nemi abu uku. Ku nemi kalmar sirrin shiga kowace na'ura, da fayil ɗin saitinta mai kwanan wata, da takardar da ke nuna wace na'ura ce a ina kuma wane adireshi take riƙe da shi. Ku kuma masu sana'a, ku koya wa yaranku rubuta saiti tun ranar da kuka koya musu matse kebul, ku riƙa miƙa takardun nan ko ba a tambaye ku ba.